Ƙwan Talatu

Bana ruwa ya yi mana nawa. Kullum da la'asar hadari sai ya haɗo daga gabas, ya yi baƙi ƙirin kamar da gaske yake, mata su kwashe shanya, mu tsofaffi mu ja tabarma zuwa zaure, sai wata iska marar kunya ta zo ta watsa shi. A irin wannan zaman jiran ne jikana Sadik ya shigo da kwalin sabulu a ka, wani abu yana tsiyau-tsiyau a ciki. Wai malamarsu ce ta ce kowa ya yi kiwon ɗan tsako. An rina abin ja jawur, har ya raɗa masa suna Gimbiya.

"Tsoho, ka ma san abin da 'yan tsaki ke ci kuwa?"

Na ce, "Kai, ja'iri! Ni kake tambaya? Ni da bokona a kan kaza ya tsaya?"

Ya yi dariya, ya ɗauka wasan jika da kaka ne. To ba wasa ba ne, kuma tunda yaran yanzu ba sa zama su ji magana ta kai ƙarshe, bari in rubuta, ko wata rana ya yi hankali ya karanta.

Iyakar bokona aji uku ne, kuma kada wanda ya raina. A garinmu, can tsakanin Ajingi da Gafasa, mai aji uku a wancan zamanin shi ake kira ya duba ko takarda a kife aka riƙe ta. Shekarar da nake magana ita ce wadda sule da fam suka tafi, naira ta zo. Sabon kuɗi ya iso ya tarar babu abin saye. Daminar da ta gabata gero ya fid da kai ya bushe a tsaye. Gyaɗa aka tona, kwanso ne fal, ka matsa ya yi fus. Sanyi bai wuce ba rumbuna suka fara amsa kuwwa. Maza suka bi motar Kano neman abin da za a aiko da shi, har da babanmu. Ya bar ni da Inna, da kakarmu Iya, da ƙanwata Talatu, wadda a lokacin ko tallan goro ba ta isa ba.

Kaji aka fara sayarwa, sannan awaki. 'Yan kajin da suka rage ciwon nan mai sa su gyangyaɗi ya share su. Garinmu ya zama asuba tana yi babu mai cara, aikin tashin mutane ya koma kan ladan shi kaɗai, shi ma muryar ba ta kai bakin rijiya.

Makaranta ta fara zubewa. Yaron da bai karya ba, me zai kai shi wajen biyu sau biyu? Malaminmu Malam Tanko, wani dogo siriri daga Gaya mai keke ba birki, ya gaji da kiran suna benci yana amsa masa da shiru. Da bazara ta kama ya tafi Kano, ya dawo da wani kwali mai huji-huji a ɗaure bayan keke. Ya ajiye a kan tebur ya buɗe. Wallahi kamar an zuba auduga a ruwan ɗorawa.

Habu, abokin zamana a benci, ya ce, "Malam, ina uwarsu?"

"Ba su da uwa. Inji ne ya ƙyanƙyashe su."

"Ashe marayu ne. Allah sarki."

Malam ya gyara tsayuwa ya karanta mana doka. Waɗannan kajin Turawa ne, kuma duk mata ne, wanda ya sayar masa har da rantsuwa. Kazar Turawa ba ta san rani ba, ba ta san damina ba, kullum ƙwai. Kowa zai ɗauki ɗaya. A aji za su zauna. Wanda ya riƙa zuwa yana ciyar da tasa, ran da ta fara ƙwai ya tafi da ita gida, halak malak. Kashegari yaran da suka yi wata ba a gan su ba suka dawo, har da waɗanda ba a taɓa rubuta sunansu ba.

Da tawadar Malam muka yi musu shaida, wani a fiffike, wani a wuya. Tawa a tsakar ka na ɗiga mata. Tana tafiya tana ɗaga ƙafa kamar ƙasar ba ta dace da ita ba, na sa mata suna Hajiya.

A wannan tsakanin ne Talatu ta fara kumbura. Da farko Inna har murna ta yi, wai yarinya ta yi ƙiba. Sai gashinta ya yi ja, ya riƙa zuba a matashi. Ta daina kuka, ta daina wasa, sai ta zauna a gindin turmi tana kallon mutane kamar tsohuwa. Malam ya biyo ni gida wata rana, ya tsuguna ya danna ƙafarta da babban yatsa. Da ya ɗaga, ramin ya zauna, bai ciko ba.

Ya ce, "Wannan ba iska ba ce, yunwa ce. Ba kuma cika ciki kaɗai take so ba. A samu madara, ko nama, ko ƙwai."

Madara, Fulanin da ke bayan gari sun kora abin da ya rage musu sun yi kudu. Nama, sai na mushe. Zabi kuwa ba sa ƙwai sai ruwa ya sauka. Na yi farat na ce, "Hajiya za ta yi!"

Iya ta ajiye mazarinta. "Ƙwai? A ba ɗiya mace ƙwai? Malam, a gidan nan yaro ba ya cin ƙwai. Yaron da ya saba da ƙwai hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, yau ya ɗaga kaza, gobe ya ɗaga tufaniyar mutane. Ni ban haifi ɓarawo ba, ba kuma za a fara a kan jikata ba."

Haka aka yarda a lokacin, ba Iya kaɗai ba. Malam bai yi musu ba, ya yi sallama. Ni dai na raka shi ƙofa ina tambaya, wata nawa kaza take yi kafin ta fara? Ya ce in ta ƙoshi, biyar ko shida. Ya faɗi "in ta ƙoshi" ɗin a hankali. Na koma na tsuguna gaban Talatu na ce, "Ki jira, ƙwan farko naki ne, ko Iya ta ƙi." Ta ce, "To, Yaya." Tun daga ranar aikina a duniya ya zama ɗaya, Hajiya ta girma kafin Talatu ta ƙare.

To, me za ta ci? Malam ya ce dusa. Muka kalli juna, don dusar ita ce tuwonmu. A gidanmu Inna kan jiƙa ta, ta haɗa da garin kuka da ɗan gishiri, a ci sau ɗaya bayan la'asar, a sha ruwa a kai a yi hamdala. Wanda ya ɗebi dusa ya kai wa kaza a shekarar, sai an ɗaure shi a kai shi wajen masu ruƙiyya.

Sai muka koma ga gara. Za ka sami tsohuwar tukunya, ka cusa busasshen kashin shanu da karmami da tsumma, ka yayyafa ruwa, ka kife ta a kan hanyar gara, ka rufe da ƙaya. Da sassafe kafin rana ta taɓa ta, ka ɗaga, ka tarar ta cika tana motsi. Mu juye a tsakar aji, 'yan tsaki su yi caa a kai, Malam yana gefe yana cewa mu ƙirga, wai kada a ce ba a yi lissafi ba. Amma tarkon yana son ruwa, ruwan kuwa sai an ƙulla igiya a kan igiya, guga ya fito da rabin laka. Inna ta hana a taɓa randa saboda gara. Sai in an ba ni nawa na sha, in riƙe kurɓin ƙarshe a baki, in fita ban yi wa kowa magana ba, in je in fesa a tukunya. Mutanen gari suka ce ɗan gidan Iya ya zama miskili, ba ya amsa gaisuwa.

Zafin bazarar nan kuwa, rufin ajinmu kwano ne. Da hantsi ya yi sai ka ji yana ƙas-ƙas kamar ana taka shi. 'Yan tsaki su buɗe baki, su saki fukafukai, mu ma mu buɗe namu. Muna yi musu fifita da littafin karatu, kuma a gaskiya ban ga amfanin da littafin ya yi da ya kai wannan ba. Duk da haka suka riƙa mutuwa. Ka zo da safe ka tarar ɗaya ta miƙe ƙafa, a duba tawada a san gidan da aka yi rashi. Bayan aji muke binne su, Habu ne liman. Ran da tasa ta mutu ya kasa, ni na ja.

Da shanu suka ƙare, kashinsu ma ya ƙare, gara ta nutse ƙasa neman sanyi. Abin da ya rage a fili sai mushen da ke bakin busasshen tafki. Mukan toshe hanci mu juya haƙarƙarin saniya da sanda, mu kwashi tsutsa a gwangwani. Ungulaye na tsaye suna kallonmu kamar mun shigo musu kasuwa ba izini. Warin nan har yau in na tuna sai na ajiye cokali.

Rannan na yi nisa wajen gonakin da aka bari, na ci karo da gidan tururuwa wanda ba a taɓa ba, hanyoyinsa sun yi fes. Kowa ya san tururuwa tana da rumbu a ƙasa. Na koma na saci jiki da fartanya, na yi ta haƙa, suna cizona har cinya, sai ga ɗakunan ajiyarsu, 'ya'yan ciyawa da tsabar gero jefi-jefi, har da wadda ta yi baƙi don daɗewa. Na cika hulata. Ina cikin murna na ji inuwa a kaina. Inna ce, da faifai da ƙwarya da tata fartanyar. Ashe tun jiya ta ga gidan, ta bari sai rana ta yi sanyi.

Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta dubi ramin, ta dubi hular.

"Idi, wa za ka kai wa?"

"Hajiya."

"Kaza."

"Inna, in ta ci za ta yi ƙwai, Malam ya ce ƙwai ne maganin..."

"Yaushe?"

Na ƙara ƙanƙame hular.

"Talatu yau za ta ci, ba watan gobe ba. Kawo."

Na miƙa. Ta juye a faifai, ta durƙusa a nan cikin rana tana sheƙewa, tana tsince ƙasa da matattun tururuwa ɗaya-ɗaya. Matar da a da in ta yi surfe kajin maƙwabta ke ƙoshi da abin da ya zube. Da ta gama ta miƙe, ta yi taku kaɗan, ta dawo. Ta ɗebi abin da yatsu uku suka kama ta zuba mini a hula.

"Ga shi. Ka gaya mata ta yi sauri."

Kajin da suka rayu suka yi fari, suka yi ƙafa, duk da ƙirjinsu kamar wuƙa. Zanko ya fito musu ja, kowacce da nata. A kajin gida, in kaza ta ƙyanƙyashe, da 'yan'uwa ake gane zakara, wannan ya fi wannan zanko, wannan ya fi wannan tsaurin ido. To waɗannan duk kansu ɗaya, babu wadda ta fi wata, da wa za ka gwada? Na kai Hajiya gida ran Juma'a don Talatu ta gan ta. Iya ta juya ta, ta ɗaga bindi, ta taɓa zankon.

"Maigida, wannan amaryar taka ba ta yi kama da maza ba kuwa?"

"Duk haka suke, Iya. Malam ya ce matan kajin Turawa da zankonsu."

Ta taɓe baki. "Ba mamaki. An ce matan Turawan ma wando suke sawa."

Lokacin shuka ya zo. Aka yi yayyafi sau ɗaya, mutane suka binne ɗan irin da suka ɓoye a toka, ya tsiro ya ƙone. Aka fita roƙon ruwa, aka dawo da ƙishirwa. Kumburin Talatu ya hau har fuska, idanunta suka zama tsaga biyu, fatar ƙafarta ta fara saɓulewa. Ko kunun tururuwar sai an yi da gaske take haɗiya. Wata safiya zan fita makaranta Iya ta kira ni ɗakinta. Ba ta ce maigida ba, ba ta ce komai na wasa ba.

"Idrisu, kazar nan taka ta kusa?"

"Ta kusa, Iya."

"In ta yi, ka kawo da ɗuminsa, ni zan dafa mata da hannuna. Ta tashi ta yi satar. In an kamo ta ni zan je in ba da haƙuri."

Na fita da gudu. Na yi wa Hajiya gurbi a kusurwar aji da yayi da tsohuwar hular Malam. Habu ya samo farin dutse mai siffar ƙwai muka sa mata, wai ta gani ta yi koyi. Kullum kunnena yana wajenta, ina jiran kyarkyarar nan da kaza ke yi in ƙwai ya matso.

Ana cikin lissafi ne, Malam ya juya yana rubutu a allo, Hajiya ta yi tsalle ta hau tagar aji. Ta karkaɗe fukafukai, ta miƙa wuya, ta saki wata murya a shaƙe kamar ana jan ƙofar kwano. Ta huta ta sake, wannan karon tiryan-tiryan. Cara. Kafin mu rufe baki ta Lami ta amsa daga ƙarƙashin benci, ta Sani ta karɓa, ajin ya ɗauka gaba ɗaya. Yara suka fashe da dariya, har da masu buga benci. Sai dariyar ta riƙa mutuwa, don kowa ya tuna abin da ya faɗa a gida.

Malam bai juyo ba. Allin ya karye a hannunsa. Can ya zauna a kan tebur, abin da yake dukanmu in mun yi, ya ce a hankali, "Ya rantse mini." Daga baya ne muka ji cewa masu injin ƙyanƙyasa ware mazan suke yi su sayar da arha, don ba su da amfani a wajensu. Albashin Malam abin da ya iya saye ke nan, bai sani ba.

Ni ban yi dariya ba, ban yi kuka ba. Na kama Hajiya na matse, na tsaya gaban Malam na ce, "To Talatu fa?"

Ya miƙe ya ce kowa ya zauna.

"Na yi muku alkawarin ƙwai, babu ƙwai. Laifina ne. Amma abubuwa uku na lissafa a gidan su Idi, kun ji ƙwai ya faɗi, madara ta yi kudu. Saura nama. Wa ke da ƙane ko ƙanwa mai kumburi?"

Hannuwa suka tashi, sun fi yadda na zata.

"In kowa ya tafi da nasa, yau za a cinye, gobe a koma gidan jiya. In mun bar su a nan, duk bayan kwana biyu a yanka ɗaya, a dafa a raba romon gidajen masu kumburi, za mu ja lokaci. Naku ne, ba zan ƙwace ba. Wa zai fara?"

Ina so in rubuta cewa ni na fara ɗaga hannu don jarumtaka. Gaskiya ita ce zakaran yana hannuna, kuma duk aji ni ake kallo.

Malam ne ya yanka a bayan aji, kusa da maƙabartar 'yan'uwanta. Ina cewa "ta" har yau, bakina ya ƙi gyaruwa. Uwar Lami ta dafa a babbar tukunya, ruwa ya fi nama yawa nesa ba kusa ba, har ƙashin aka daka aka mayar. Ƙamshin ya tara mutane a bakin makaranta, manya da gemunsu. Malam ya tsaya a kan tukunyar da bulalarsa. Ran nan kaɗai na ga amfanin bulalar nan.

Na kai namu gida a kwanon sha, ina tafiya kamar mai ɗauke da jariri. Cokalin farko Talatu ta dawo da shi. Inna ta juya baya ta rufe fuska da zane. Iya ta ce a ba ta wuri. Ta ɗora yarinyar a cinya, ta riƙa tsoma yatsa tana ɗiga mata a harshe, ɗigo, ta jira, ɗigo, ta jira, har inuwa ta juya. Da kwanon ya yi rabi Talatu ta buɗe tsagar idonta ta ce, "Yaya, wannan ne ƙwan?"

Iya ta riga ni. "Shi ne. Sha."

Haka muka cinye ajinmu zakara bayan zakara. Kullum carar safe tana raguwa. Kafin na ƙarshe ya shiga tukunya ruwa ya sauka na gaske, tafasa da rama suka fito, zabi suka fara ƙwai a daji, babanmu ya aiko da rabin buhun dawa. Ba kowa ya kai ba. Ƙanen Habu ya sha romon sau uku, bai tashi ba. Talatu kuwa kumburin ya saɓe, ta koma ƙashi da fata, sannan a hankali ta koma mutum. Da babanmu ya dawo ya ce gona tana son hannu, bokon ya isa haka. Ban yi gardama ba, ajin ma babu kowa a cikinsa sai benci.

Jiya Talatu ta zo daga Kademi duba ni, da sandarta da jikoki biyu. Haƙoranta sun fi nawa ƙaranci, ko da yake tana musu. Ba ta taɓa sata ba, in ban da goron da take ɗauka a aljihuna. Muna zaune a zaure Sadik ya fito da Gimbiyarsa, rinin ya fara koɗewa, wani ɗan jan abu ya tsiro mata a ka, tana tafiya tana ɗaga ƙafa.

"Tsoho, yaushe za ta fara ƙwai?"

Talatu ta dubi abin, ta dube ni, ta kama dariya har da tari. "Tambayi Yaya, shi ne gwani. Nawa ma har yau yana hanya."

Na ce wa yaron ya ci gaba da ba ta abinci, kada ya fasa ko rana ɗaya. Ita kuwa tana ta dariyarta, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma, ƙafafun tsohuwa, sirara, duk faso. Na kai hannu na danna ɗaya da babban yatsa.

"Kai, Yaya, lafiya?"

Na ce lafiya lau. Wurin ya ciko nan da nan.